Shara, talauci ko fuskar baƙo: Me ya ɓata surar biranen Jamus?

Ranar 14 ga Oktoban 2025, a birnin Potsdam da ke maƙwabtaka da Berlin, aka tambayi shugaban gwamnatin Jamus, Friedrich Merz, game da ƙarfin da jam'iyyar AfD mai ƙyamar baƙi take ƙara yi. Ya amsa da cewa gwamnatinsa ta rage kwararar masu neman mafaka ƙwarai, amma har yanzu akwai sauran matsala a "Stadtbild", shi ya sa ministan cikin gida yake faɗaɗa shirin mayar da mutane ƙasashensu.

A Jamusanci, Stadtbild na nufin surar gari, wato abin da idon mutum ke cin karo da shi idan ya fito daga tashar jirgin ƙasa ko ya ratsa kasuwa. Kalma ce ta masu tsara birane da masu zanen gine-gine. Da Merz ya haɗa ta da korar baƙi a jimla ɗaya, sai miliyoyin mutanen da aka haifa a Jamus, amma iyayensu suka zo daga Turkiyya ko Siriya ko Ghana, suka fahimci cewa fuskokinsu ake nufi. Bayan kwana shida aka nemi ya fayyace maganarsa, ya ce wa ɗan jaridar ya je ya tambayi 'ya'yansa mata. Dubban mutane suka yi zanga-zanga a Ƙofar Brandenburg da gaban hedikwatar jam'iyyarsa ta CDU. Sai da ya je Landan ya ɗan sassauta harshe, ya ce Jamus na buƙatar baƙi, waɗanda yake nufi su ne marasa izinin zama, da ba sa aiki, ba sa kuma bin doka. A ƙuri'ar jin ra'ayi da tashar ZDF ta gudanar a makon, kashi 63 cikin ɗari suka goyi bayansa a kan wannan fassarar.

Ke nan akwai abin da Jamusawa da yawa ke gani a titunansu wanda ba ya yi musu daɗi. Abin bincike shi ne mene ne wannan abin, kuma wa ya jawo shi.

Mu fara da tsafta, tunda da ita aka san Jamus. Sunan bai faɗi a banza ba. Tun 2003 duk wanda ya sayi abin sha a gwangwani ko gorar roba yana biyan ƙarin santi 25 a matsayin kuɗin ajiya, kuma ba zai karɓi kuɗinsa ba sai ya mayar da gorar cikin na'urar da ke bakin kanti. Sakamakon haka, sama da tara cikin goma na irin waɗannan gorori suna komawa inda suka fito. A gidaje ana rarrabe shara: takarda daban, ragowar abinci daban, robobi daban, kwalabe ma kowane launi da akwatinsa, kuma a unguwanni da dama an hana jefa kwalba ranar Lahadi don kada ƙararta ta dami maƙwabta. A Stuttgart da kewayenta akwai tsohuwar al'adar Kehrwoche, inda mazauna bene ɗaya ke karɓa-karɓa wajen share matakala da bakin titi mako-mako, kuma wanda ya yi sakaci da makonsa zai ji a jikinsa daga kallon maƙwabta kawai.

Sai dai ko a cikin wannan tsari mai ban sha'awa akwai abin da ya kamata baƙo ya lura da shi. A manyan birane, mutane kan ajiye gorar da suka shanye a gindin kwandon shara maimakon su jefa ta ciki. Dalili kuwa akwai masu yawon tsintar gorori domin su samu na abinci, cikinsu har da tsofaffin Jamusawa da kuɗin fansho bai isar su. An ajiye musu ne don kada su cusa hannu cikin ƙazanta. Wani ɓangare na tsaftar da ake yabo, talauci ne yake share ta.

Akwai kuma wuraren da tsaftar ta ƙare gaba ɗaya. Mafi shahara shi ne unguwar babbar tashar jirgin ƙasa ta Frankfurt, ƙofar da matafiya da yawa daga Afirka ke fara bi idan sun sauka daga jirgin sama. Tafiyar 'yan mintuna daga dogayen benayen bankuna, mutum zai tarar da masu shan ƙwaya a kwance a bakin hanya da rana tsaka. Tun 1994 birnin ya buɗe ɗakunan da masu shaye-shaye ke amfani da ƙwayarsu ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya, matakin da ya rage mace-mace sosai a zamanin da tabar heroin ce annobar. Yanzu da hodar iblis da ake ƙonawa a zuƙa ta mamaye kasuwar, mai shanta ba ya iya zama wuri ɗaya, kuma tsarin ya kasa riƙe shi. Gabanin gasar cin kofin Turai ta 2024, wata jaridar Ingila ta yi wa unguwar laƙabi da ƙasar gawawwaki masu tafiya. A Berlin kuwa, tsofaffin katifu da firji da aka yasar a gefen titi sun zama abin da aka saba gani a wasu unguwanni, kuma an shafe shekaru ana jayayya a kan kewaye lambun Görlitzer da shinge saboda dillalan ƙwaya.

To, daga ina lalacewar ta taso? A Jamus, share titi da kwashe shara da gyaran makarantu da wuraren ninƙaya da fitilun hanya duk aikin ƙananan hukumomi ne, kuma asusunsu ya bushe. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a 2024 ƙananan hukumomin sun rufe shekara da giɓin yuro biliyan 24.8, wanda a lokacin shi ne mafi girma tun haɗewar Jamus ta Gabas da ta Yamma a 1990. Bankin raya ƙasa na KfW ya ƙiyasta cewa gyare-gyaren da suka taru musu sun haura yuro biliyan 215, kuma gine-ginen makarantu ne suka fi cin kaso. A daren 11 ga Satumban 2024 wani sashe na gadar Carola ya rufta cikin kogin Elbe a tsakiyar Dresden, 'yan mintuna bayan wucewar jirgin ƙasa na cikin gari. Allah ne ya kiyaye babu wanda ya mutu. A shekarar, kashi 62.5 cikin ɗari kacal na jiragen ƙasa masu dogon zango suka isa a kan lokaci, a ƙasar da ake buga misali da ita wajen cika alƙawarin agogo. 'Yan kallon ƙwallo da suka shafe sa'o'i a dandamalin tashar Gelsenkirchen suna jiran jirgi bayan wasan Ingila da Sabiya sun koma gida da labarin.

Tsakiyar biranen ma tana mutuwa a hankali. Kamfanin manyan kantuna na Galeria, wanda shagunansa suka kasance zuciyar kasuwar kusan kowane gari, ya shiga fatara sau uku tsakanin 2020 da 2024, ya rufe rassa da dama. Idan babban kanti ya rufe, masu zuwa saye suna raguwa, ƙananan shaguna na kewaye su bi sahu, sai wuraren caca da shagunan waya su maye gurbi. Ga tsadar haya, wadda ta sa rahoton gwamnatin tarayya ya ƙirga mutane sama da dubu 530 da ba su da gidan kansu a farkon 2024, kusan dubu 47 daga cikinsu a kan titi suke kwana.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da jirgin korar baƙi zai gyara. Masu riƙe da biranen sun san haka. Makonni biyu bayan furucin Merz, magadan gari na manyan biranen jihohi 13, daga jam'iyyu daban-daban har da tasa, suka rubuta masa wasiƙa cewa gwamnatin tarayya na ɗora musu ayyuka ba tare da kuɗin yin su ba, suka nemi a koma ga ƙa'idar cewa wanda ya ba da umarni shi zai biya. Wasiƙar ba ta samu ko rubu'in hayaniyar da kalmar Stadtbild ta samu ba.

Adalci ya wajabta a faɗi ɗaya ɓangaren. Tsoron da Merz ya taɓo yana da tushe. A Solingen a Agustan 2024 wani ɗan Siriya da ya kamata a ce an riga an fitar da shi daga ƙasar ya kashe mutum uku da wuƙa a wajen bikin gari. A Aschaffenburg a Janairun 2025 wani ɗan Afganistan ya kashe yaro ɗan shekara biyu da wani mutum da ya yi ƙoƙarin kare yaran. Kuma gaskiya ne ana ganin matasa maza baƙi suna zaman kashe wando a bakin tashoshi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne doka ce ta hana mai neman mafaka aiki a watanninsa na farko, wasu kuma suna shafe shekaru da takardar haƙuri da zamansu wadda ba ta ba su tabbacin gobe. Game da 'ya'ya mata da shugaban ya kafa hujja da su, ƙungiyoyin mata sun tuna masa cewa alƙaluman 'yan sandan ƙasar sun nuna mafi yawan matan da ake kashewa, a hannun miji ko tsohon miji ko ɗan uwa suke mutuwa, a cikin gida.

Batun kyau bai buƙatar dogon bayani. Yaƙin Duniya na Biyu ya rusa tsakiyar yawancin manyan biranen, aka sake gina su cikin gaggawa da kankare, shi ya sa garuruwa irin su Kolon ba su da abin kallo sosai in ban da babbar majami'arsu da gaɓar kogin Rhine. Amma Munich da Hamburg da Heidelberg da Bamberg suna da kyau na gaske, ga lambuna ko'ina, ga ruwan famfo da ake sha kai tsaye. Masu yawon buɗe ido ba su daina zuwa ba: a 2024 an ƙirga kwanan otal da masaukai miliyan 496, adadi mafi yawa a tarihin ƙasar zuwa lokacin, kusan miliyan 85 na baƙi daga waje.

Inda gizo ke saƙar shi ne maraba. Mai yawon kwana biyar da katin banki a aljihu ba zai ga matsala ba, illa ya yi mamakin rufe kantuna ranar Lahadi da gidajen abincin da ba sa karɓar kati. Wanda ya zo zama kuwa labarinsa daban ne. A binciken da dandalin InterNations ya yi a 2024 tsakanin ma'aikata 'yan ƙasashen waje, Jamus ta zo ta 50 cikin ƙasashe 53, saboda wahalar samun gida da yawan takardu da wuyar yin abokai. Waɗannan fa ƙwararru ne masu albashi mai kauri, da yawansu Turawa. Ga baƙar fata lamarin ya fi tsanani. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Tarayyar Turai ta wallafa rahoto a Oktoban 2023 kan 'yan asalin Afirka a ƙasashe 13, inda kashi 76 cikin ɗari na waɗanda aka tambaya a Jamus suka ce an nuna musu wariyar launin fata cikin shekaru biyar da suka gabata. Babu ƙasar da ta kai ta.

Wannan ya shafi matashin Najeriya kai tsaye, domin Jamus ɗin ce da kanta take kiransa. Al'ummarta na tsufa, kuma wani nazari na gidauniyar Bertelsmann ya ce ƙasar na buƙatar ma'aikata baƙi kusan dubu 288 a kowace shekara har zuwa 2040. Tun Yunin 2024 aka ɓullo da katin dama, wanda ke bai wa mai sana'a izinin shiga ya nemi aiki na tsawon shekara guda. Lokacin da tsohon shugaban gwamnati Olaf Scholz ya ziyarci Abuja da Legas a Oktoban 2023, buƙatu biyu ya zo da su a jaka ɗaya: a turo ƙwararru, a kuma karɓi 'yan Najeriya kusan dubu 14 da aka ƙi ba su mafaka. Daga 1 ga Yulin 2025 kuma ofisoshin jakadancin Jamus suka soke damar da mai neman biza ke da ita ta rubuta ƙorafi kyauta idan an hana shi. Yanzu sai dai ya sake biyan kuɗi ya nema, ko ya kai ƙara kotu a Berlin.

Ma'aikaciyar jinya daga Kaduna da ta ci jarrabawar Jamusanci, aka ɗauke ta aiki a asibitin Dortmund, idan ta tashi daga aikin dare ta tsaya jiran jirgi a tasha, ba ta rataye da takardar albashinta a wuya. Mai wucewa ba zai bambanta ta da wanda aka ƙi bai wa mafaka ba. Wannan shi ne aibin maganar Merz ko da an karɓi gyaran da ya yi a Landan: izinin zama ba ya bayyana a surar gari, launin fata ne ke bayyana. Mataimakinsa a gwamnati, Lars Klingbeil na jam'iyyar SPD, ya faɗi kusan haka, inda ya ce yana son ƙasar da kamannin mutum ba su ne za su yanke ko ya dace da gari ba.

Masu kare Merz na cewa idan jam'iyyun tsakiya suka ƙi faɗar abin da jama'a ke gani, AfD ce za ta faɗa ta kwashe ƙuri'u. Jam'iyyar ta samu kashi 20.8 cikin ɗari a zaɓen Fabrairun 2025, ninki biyu na abin da ta samu a 2021. Amma masu neman mafaka sun ragu sosai tun daga 2024, an tsaurara bincike a kan iyakoki, harshen gwamnati ya yi kaushi, duk da haka farin jinin AfD bai ragu ba, har ta kai tana kafaɗa da kafaɗa da CDU a ƙuri'un jin ra'ayi. Ta fi ƙarfi ma a gabashin ƙasar, inda baƙi suka fi ƙaranci, amma matasa suka gudu, asibitoci da layukan bas suka rufe.

A Maris ɗin 2025 majalisar dokoki ta amince da asusu na musamman na yuro biliyan 500 don gyaran ababen more rayuwa cikin shekaru 12, biliyan 100 daga ciki na jihohi da ƙananan hukumomi. Idan aka raba wannan kaso a kan shekarun, abin da zai iso duk shekara bai kai rabin giɓin da ƙananan hukumomin suka yi a 2024 kaɗai ba. An tsara zaɓe a jihohi biyar a 2026, cikinsu har da Berlin da kuma Sachsen-Anhalt, inda AfD ta sa burin samun kujerar gwamnan jiha ta farko a tarihinta.