Awa huɗu ba ta kai mara lafiya asuba

A Janairun 2025 Saudiyya ta haɗa rumbun batura na Bisha da babban layin lantarkinta. Yana tara wuta, ya saki megawat 500 har tsawon awa huɗu. Ƙasa mai arzikin fetur ce fa ke wannan tanadi.

Daga nan Jidda, inda nake aikin jinya, abin ya burge ni, amma awa huɗu ta yi wa gida kaɗan. A Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun haura mako cikin duhu. Na'urar iskar numfashi ba ta san haƙuri ba, haka firjin allurar rigakafi. Janareta kuwa, sai da dizal.

A Amurka kamfanin Form Energy na ƙera batirin ƙarfe da iska mai riƙe wuta awa 100. Ko zai jure zafin Sakkwato a watan Afrilu? Zafi ai shi ke kashe baturan sola da muke tura kuɗi a saya wa iyaye.

Gwamnoninmu su nemi a yi irin wannan gwaji a gida, a fara da ɗakin haihuwa da tiyata, sannan a bayyana wa jama'a sakamakon.