Ganuwa Da Ƙofa A Cikin Wayar Salula

Sa'ad da Turawan nan biyu, Clapperton da Oudney, suka iso Katagum cikin 1824, sun tarar da garin Malam Ibrahim Zaki kewaye da ganuwa biyu da ƙofofi huɗu. Magina na dā sun san garin da ba shi da ƙofa kurkuku ne, wanda kuma ƙofarsa ba ta da mai tsaro, ganuwarsa aikin banza ce. A kan irin wannan magana ne masanan kwamfuta ke jayayya yau, kuma abin ya shafi kowane mai waya a Azare.

Kowace wayar salula, da na'urar rarraba intanet, da na'urar POS ta 'yan kasuwa, manhaja ce ke tafiyar da ita. Wadansu masana suna ganin a gina manhajar nan dunƙule guda, kome ba ya shiga, kome ba ya fita, sai an kashe na'ura an sake mata sabuwa. Wadansu kuwa suna ganin a bar mata ƙofa, watau a iya shigar da ƙananan sassan ƙari, a kuma fitar da su, alhali na'ura tana cikin aiki.

Hujjar masu son ƙofa tana da ƙarfi. Ƙaramar na'ura ba ta da wurin ajiya mai yawa, don haka gara ta ɗauki sashen da take bukata kaɗai. Ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke ƙirga kuɗin data, sauke ɗan ƙaramin gyara ya fi masa sauƙi bisa sauke manhaja ɗungum. Mai POS a kasuwar Azare kuma ba ya son na'urarsa ta tsaya jama'a na kan layi. Linux, wadda aka gina Android a kanta, ta karɓi wannan tsari tun 1995, kuma daga 2019 kamfanin Google ya soma sabunta wasu sassan Android ɗaya ɗaya.

Amma fa ƙofar da alheri ke shiga, ta nan ɓarawo ke bi. A farkon 2020 Google ya sanar da cewa ya cire manhajoji 1,700 na wani gungu da ake kira Joker, masu sa mutane cikin biyan kuɗin hidimomin da ba su nema ba. Ɗaya daga dabarunsu ita ce shiga waya salin alin, daga baya su janyo mugun sashe daga waje. Ko ba mugunta, kuskure ma ya isa. Ran 19 ga Yuli 2024 wani gyara mai aibi daga kamfanin CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5, jiragen sama da asibitoci suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi.

Fitarwa kuwa ta fi shigarwa wuya. Cire sashen da wani aiki ya dogara a kansa daidai yake da zare azara daga rufin soro mutane na zaune a ciki.

To, mafita ita ce a bar ƙofa, a sa mata Sarkin Ƙofa. Kada na'ura ta karɓi sashe sai mai ɗauke da hatimin maƙerinsa, abin da Linux ta tanada tun 2012. A ajiye baƙon sashe a zaure, nesa da zuciyar manhaja, domin in ya faɗi ya faɗi shi kaɗai. Kada kuma a fitar da shi sai an tabbata ba mai jingine da shi.

Mai waya shi ma yana da nasa gadin. Duk wanda ya kai wayarsa shago aka loda masa manhajojin da bai san asalinsu ba, shi da kansa ya buɗe wa ɓarawo ƙofa. Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya kiyaye.