Kalmar Mako: "Distinction" Ba Ta Tsaya Ga Sakamakon Jarrabawa Ba

Kalmar da muka ɗauko muku a wannan makon kusan kowa ya taɓa jin ta, musamman a lokacin da sakamakon WAEC ko NECO ya fito, gidaje suka cika da "wance ta ci distinction biyar". Saboda haka da yawa daga cikinku sun ɗauka ma'anarta ke nan: cin jarrabawa da maki mai yawa. Wannan ma'ana daidai ce, amma reshe ce, ba ita ce tushe ba.

Asalin kalmar daga Latin take, daga wani aikatau mai nufin rarrabewa, wato ware wani abu daga wani. Don haka ma'anarta ta farko ita ce bambanci. Idan Bature ya ce "there is a distinction between borrowing and stealing", yana nufin akwai bambanci tsakanin aro da sata. Ku lura da abokiyar tafiyarta, "between". Haka kuma ba a cewa "do a distinction". Ana cewa "make a distinction" ko "draw a distinction", kamar mai ja layi a tsakanin gonaki biyu.

A nan ne muke so ku tsaya da kyau, domin a nan ake zubar da maki. Tambayoyin jarrabawa na yawan farawa da "Distinguish between", wanda shi ne aikatau na wannan kalma. A ce an tambaye ku bambancin "mass" da "weight" a Fizis. Ɗalibi zai rubuta ma'anar na farko, ya sauka layi ya rubuta ma'anar na biyu, ya ajiye biro yana murna. Bai gama amsawa ba. Abin da mai duba takarda yake nema shi ne a jera su kafaɗa da kafaɗa a nuna inda suka rabu: ana auna "mass" da kilogiram, ana auna "weight" da newton, "mass" ba ya canzawa ko ina aka kai abu, "weight" kuwa yana canzawa, har buhun geron da ya gagare ka ɗauka a nan zai koma kusan kashi ɗaya cikin shida na nauyinsa a duniyar wata. Kalmomi irin su "while" da "whereas" su ne ke ɗinke irin wannan amsa. In an ba da dama, ku ja tebur mai gida biyu, ya fi sauƙin dubawa.

To ta ina maganar jarrabawa ta shigo? Wanda ya yi fice ai ya bambanta da sauran, an ware shi daga cikin taro. Daga nan ma'ana ta biyu ta fito: fifiko, ɗaukaka. Abin da zai ba ku mamaki shi ne, a takardar WAEC ba kalmar ce ake rubutawa a gaban darasi ba. A1 da B2 da B3 ake gani, mutane ne suka saba kiran su "distinctions". A kwalejin fasaha kuwa, wato foliteknik, sunan mataki ne na gaske, shi ne na ƙoli a difloma, sai "Upper Credit" ya biyo baya. Ana cewa "she passed with distinction" ko "he got a distinction in Chemistry". Mun sha ganin "I have distinction in my result" a rubutun ɗalibai. Za a gane nufinka, amma ba ta zauna ba. Faɗi darasin, ka sa "a" a gabanta.

Akwai kuma "a woman of distinction", mace mai daraja wadda ta yi suna a fagenta, da "have the distinction of", wato mutum ya keɓanta da wani abu. Misali: "Tafawa Balewa has the distinction of being Nigeria's only Prime Minister." Shi kaɗai ne ya taɓa riƙe muƙamin Firayim Minista a ƙasar nan. Ita kuma "distinguished" da kuke ji ana kiran sanatoci da ita a majalisa, 'yar gida ɗaya ce. Ko kowane mai amsa sunan ya cancanta, wannan ba aikin shafin nan ba ne.

Wata gaɓar da ke rikita masu karatu ita ce "without distinction". Ba faɗuwa jarrabawa take nufi ba. Tana nufin ba tare da nuna bambanci ba. Da ita aka yi amfani a sashe na 2 na kundin haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya na 1948, inda aka ce haƙƙoƙin na kowa ne, ba a duba launin fata, jinsi, harshe ko addini.

Wajen furuci, a ƙarfafa gaɓa ta biyu: dis-TINK-shan. Kuma a yi hattara da "extinction", wadda ke nufin ƙarewar wani jinsin halitta ƙurmus daga doron ƙasa. Kada ka je taya abokinka murna ka ce ya samu ita.

Aikinku na wannan mako: ku rubuto mana bambanci uku tsakanin "weather" da "climate", kowanne a jimla ɗaya mai ɗauke da "whereas". A haɗa da suna da aji da makaranta.