Maigadi a Fagen Daga

A watan Agusta na 2021, wasan kwamfuta na dabarun yaƙi mai suna Age of Empires III ya ƙara Hausawa cikin al'ummomin da ɗan wasa ke iya zaɓa, da Sarauniya Amina a matsayin jagorarsu. Masu sha'awar wasan sukan yi musu kan rundunar da ta fi ƙarfi; ɗalibin harshe kuwa, sunayen mayaƙan ne abin dubawarsa.

An dace da "lifidi". Tsohuwar kalma ce mai tushe a Larabci, sunan rigar nan mai kauri da ake cusa wa auduga, wadda mahayan Barno da na ƙasar Hausa suke sa wa kansu da dawakansu ranar daga. Sai dai an raɗa wa wani gwarzon ɗan bindiga suna "maigadi". Gadi aro ne daga Ingilishi, bai zauna a bakin Bahaushe ba sai zamanin Turawa, kuma mai tsaron ƙofar gida ko kanti yake nufi. Ga dakare, ga barde, ga jarumi, duk an tsallake su. Yaron da ke wasan a Diffa ko Kano yana iya tashi da zaton maigadi ne ya tsare ganuwar Zazzau.