Makarantar Sayam Ba Ta Wucin Gadi Ba Ce, A Daina Yi Mata Kasafin Wucin Gadi

A watan Disamba na 2014 aka buɗe sansanin Sayam Forage, arewa da garin Diffa, domin mutanen da suka tsallako kogin Komadugu daga Najeriya bayan Boko Haram ta afka wa Damasak da garuruwan da ke kewaye. Jaririn da aka haifa a tantunan farko yau ya haura shekara goma. In an sa shi makaranta a kan lokaci, ya kai ƙarshen firamare ke nan, yana jiran kolej. Bai san wani gari ba sai Sayam. Duk da haka, in ka ta da maganar kasafin kuɗin karatun yaran wurin, amsar da za ka ji daga manya da ƙanana ɗaya ce: ai baƙi ne, gobe za su koma gida, harkarsu ta HCR, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da ƙungiyoyin agaji ce. Wannan ra'ayi ya yi wa yaran ɓarna, ya kuma yi wa jihar Diffa ɓarna.

A duba yadda kuɗin agaji ke tafiya. Shekara-shekara ake roƙonsa, kuma shekarar tasa daga Janairu zuwa Disamba take. Makaranta kuwa a Nijar tana buɗewa ne a Oktoba, ta rufe a Yuni. Ke nan yarjejeniyar kan ƙare a tsakiyar zangon karatu, sai diraktan makaranta ya zauna yana jiran ko za a sabunta. Abincin rana, alawus, allo da littafi duk suna rataye da sa hannun wani da ke nesa. Kuma a cikin kuɗin agajin gaggawa na duniya, abin da ilimi ke samu bai cika wuce kashi 3 cikin 100 ba.

Irin wannan kuɗi yana sayen jaka da alli da rumfa. Malami mai horo kuwa shekaru ake yi kafin a same shi, haka kolej, haka ajin siminti. Wanda bai san abin da zai samu baɗi ba, ajin kara zai kafa, domin shi ne abin da ake yi da arha a rushe kafin damina. Mun san sakamakonsa. Sai an girbe gero ake samun karan, saboda haka karatu kan fara a makare. Mun san abin da ya fi haka muni: a Afrilun 2021 yara kusan 20 suka ƙone a unguwar Pays-Bas ta Yamai, a Nuwamban shekarar wasu aƙalla 25 suka ƙone a Maradi, duka a azuzuwan kara. Waɗannan yara ba a sansani suke ba, amma tunanin da ya zaunar da su cikin kara shi ne dai na mu lallaɓa bana, baɗi Allah ya kai mu.

Masu cewa za su koma suna da hujja, ban raina ta ba. Kowane ɗan gudun hijira yana son gonarsa. A 2021 gwamnatin Nijar ta wancan lokaci ta mayar da mutanen Baroua garinsu, ta kuma tattauna da gwamnan Borno, Babagana Zulum, kan mayar da 'yan Najeriya, har wasu suka koma Malam Fatori. Amma Sayam bai watse ba, mazaunansa sun haura 30,000. A ce ma sun koma gobe, ina asarar? Aji ba ya bin mai ƙaura. 'Ya'yan Barebari da Fulani da Tubawan yankin za su gaje shi, kuma tun yanzu akwai 'yan Nijar da suka dawo daga Najeriya a cikin sansanin. Yaron da ya koma Borno da karatu a kansa maƙwabci ne na ƙwarai. Wanda ya koma hannu rabbana, shekara 15 ba karatu ba sana'a, kowa a bakin Komadugu ya san su wa ke jiransa.

Hujja ta biyu ta fi nauyi: ina kuɗin? Tun 2016 aka miƙa wa ƙananan hukumomi alhakin makarantun firamare, amma alhakin ya riga kuɗin isowa. A Diffa abin ya fi tsanani, domin dokar ta-ɓaci ta 2015 ta zo da hana cinikin tattasai da kifi na tsawon lokaci da hana hawa babur, kasuwanni suka mutu, harajinsu ya bi su. Ba wanda zai ɗora wa ƙaramar hukumar Chetimari, inda sansanin yake, nauyin dubban yara ita kaɗai. Sai dai talauci dalili ne na yin tsari. Mai hatsi kaɗan shi ya fi kowa auna rumbunsa. Tun 2017 ƙasa tana da asusun bai-ɗaya na ilimi, wanda aka kafa domin masu tallafi su zuba kuɗinsu wuri guda. Ta nan ya kamata kuɗin Sayam ya bi, a bar yi wa kowace ƙungiya nata allo da nata fenti.

A yaba wa Nijar, ta buɗe makarantunta ga waɗannan yara ba ta kore su ba. Saura ta ƙidaya su a takarda. Yara nawa za su shiga aji ɗaya a shekaru shida masu zuwa? Sanin wannan ba duba ba ne, an riga an haife su, sunayensu na cikin rajista. Daga nan ake fitar da yawan azuzuwa da malamai da kujerun kolej, a raba su shekara-shekara a cikin tsarin raya ƙaramar hukuma. A sa kuɗin ambaliya a ciki tun farko, tunda Komadugu kan cika ne daidai lokacin komawa makaranta, kamar yadda ta yi a 2019 da 2022. A 2024 ma ambaliya ta sa aka ɗage buɗe makarantun ƙasar duka zuwa 28 ga Oktoba.

Akwai kuma batun harshe, wanda kasafin shekara guda ba ya iya taɓawa. A farkon rikicin an buɗe cibiyoyin karatu a Diffa domin 'yan sakandare su ci gaba da manhajar Najeriya da Ingilishi, kuma daidai ne a lokacin. Ƙannensu kuwa da Faransanci suka fara, alhali a gida yawancinsu Barbarci ko Hausa suke ji. Dole a yanke shawara a kan wace takardar shaida za su riƙe, kuma a horar da malaman da suka dace da shawarar.

Lokaci ya ƙure. A 2025 Amurka ta datse tallafinta, HCR ta rage dubban ma'aikata a duniya. Hukumomin Yamai suna maganar dogaro da kai, ni ma ina tare da wannan magana, kuma makaranta na cikin wuraren da za a fara ganinta. Tun Afrilun 2024 da aka rushe majalisun ƙananan hukumomi, kantomomi ne ke riƙe da kasafi, babu zaɓaɓɓun da za su tambaye su. To, kantoma da sufeton ilimi su je Sayam kafin a rufe kasafin baɗi, su zauna da kwamitin kula da makaranta da iyayen yara, na sansani da na ƙauyuka, su karanta musu da Barbarci da Hausa: azuzuwa nawa za a gina bana, nawa baɗi, wa zai biya malamai, kuma a wane kolej 'yan aji shida za su zauna a Oktoba mai zuwa.