Rafael Márquez: Gwarzon bayan da masoya Barcelona suka manta da shi

Duk lokacin da gardama ta ɓarke tsakanin masoya ƙwallo kan Barcelona ta zamanin Ronaldinho da Messi, sunayen da ake kira ba sa wuce Xavi da Iniesta da Eto'o. In an koma baya kuma, sai a ce Puyol da Pique. Da wuya ka ji an ambaci Rafael Márquez, ɗan ƙasar Meksiko. A ganina an ci haƙƙin wannan bawan Allah.

Márquez ya koma Barcelona daga Monaco a 2003, shekarar da aka sayo Ronaldinho, lokacin da ƙungiyar ta yi shekara huɗu rabonta da kofin La Liga. Ya yi shekara bakwai a can, ya ci La Liga huɗu da kofin Zakarun Turai biyu. A wasan ƙarshe na 2006 da suka doke Arsenal 2-1 a Paris, shi da Puyol ne suka riƙe tsakiyar baya. A daren ne ya zama ɗan Meksiko na farko da ya ɗaga wannan kofi.

Ba irin mai tsaron bayan da ke dokan ƙwallo duk inda ta faɗa ba ne. Yakan ɗaga kai ya aika doguwar ƙwallo ta sauka a ƙafar ɗan wasan gefe. Shi ya sa da raunuka suka yi wa ƙungiyar yawa a kakar 2004/2005, Frank Rijkaard ya mayar da shi tsakiyar fili, kuma suka ci La Liga a haka.

To me ya sa aka manta da shi? A watan Afrilun 2009 ya ji rauni a gwiwa a karawarsu da Chelsea, bai buga wasan ƙarshe da Manchester United a Rome ba. Hoton wannan dare shi ne ya zauna a zukatan mutane, kuma babu shi a cikin fili.

Masu sukarsa sukan ce ya je gasar cin kofin duniya sau biyar, daga 2002 zuwa 2018, amma ko sau ɗaya Meksiko ba ta wuce zagayen 'yan 16 ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, yana da nasa laifin. A 2002 an ba shi jan kati a wasan da Amurka ta fitar da su. A 2014 shi ne ya jawo fenaritin da aka ba Arjen Robben a mintunan ƙarshe, Holan ta yi waje da su, duk da cewa har gobe 'yan Meksiko na rantsuwa cewa babu laifi a wurin.

Sai dai a duba da kyau. A wannan zagayen aka fitar da Meksiko a 1994 da 1998, tun bai fara zuwa gasar ba. A 2022 kuwa, gasar farko bayan ya yi ritaya, ko rukuni ba su tsallake ba. Ke nan ciwon ya girme shi, kuma da ya tafi sai ya ƙara tsananta.

Shi ne ɗan wasa na farko da ya ɗaura ƙyallen kyaftin a gasar duniya biyar. Yana mai tsaron baya ya ci ƙwallo a uku daga ciki: Ajantina a 2006, Afirka ta Kudu a wasan buɗe gasar 2010, da Croatia a 2014. Da aka ce ya ƙare bayan bai taɓuka abin kirki ba a New York Red Bulls, sai ya koma gida ya jagoranci León ta ci kofin lig sau biyu a jere.

Wanda ya ce Hugo Sánchez ne ɗan ƙwallo mafi girma a tarihin Meksiko, ba zan ja da shi ba. Amma duk wanda zai lissafo waɗanda suka tayar da Barcelona daga barci ya tsallake Márquez, to lissafinsa bai cika ba.