Girman Kai Ba Shi Ne Hankali Ba

A shekarar 2001 masu bincike suka gano wani ƙoƙon kai a hamadar Jurab da ke arewacin Chadi, aka raɗa masa suna Tumai. Masana sun ƙiyasta shekarunsa kusan miliyan 7, ƙwaƙwalwar da ta zauna cikinsa kuwa kimanin mililita 350 ce, kwatankwacin gwangwanin lemo guda. Tamu ta yau takan kai 1,350.

Sai dai mu yi hattara da abin da za mu ɗora a kan wannan lissafi. Mutanen Niyandatal, da suka ƙare a Turai kimanin shekaru 40,000 da suka shuɗe, ƙwaƙwalwarsu ta kai tamu, ta wasunsu ma ta fi. A tsibirin Fulores na Indunusiya kuma an sami ƙasusuwan wasu gajerun mutane masu ƙwaƙwalwar mililita 400, ga kayan aikin dutse a mazauninsu.

An taɓa yin zalunci da irin wannan awo. A ƙarni na 19, wani likita a Amurka, Samuel Morton, ya riƙa ɗura ƙwayoyin dalma cikin ƙoƙunan matattu, ya jera al'ummu daraja-daraja, ya ajiye baƙar fata a ƙasa. Masu kare bauta suka kafa hujja da shi.

Mu da muke zaune tsiraru a cikin wasu al'ummu mun san ɗacin a yanke wa mutum hukunci da kamanninsa. Kada mu yarda a auna 'ya'yanmu da wannan mudu, kada kuma mu auna na maƙwabtanmu da shi. Abinci mai kyau, lafiya da karatu su ne ke rainon hankalin yaro.